Ƙurar azurfa a man shafawa: Ganye ne ko ƙarfe?

Duk wanda ke bin kasuwannin zangunanmu a 'yan shekarun nan, daga Nima da Mamobi a nan Ankara har zuwa Aboabo da Asawasi a Kumasi, zai lura cewa haɗa man shafawa ya zama babbar hanyar neman abinci ga iyayenmu mata da ƙannenmu. A da, man kaɗe ake sarowa a ƙwarya daga Tamale ko Wa ko Bolga, a yanka a sayar yadda ya zo. Yanzu kuwa narka shi ake yi, a buga shi da ruwan alobera, a zuba turare, a ɗura a 'yan robobi masu kyau, a manna takarda mai suna da lambar waya, sannan a tallata a WhatsApp da TikTok. Da wannan sana'a wasu ke biyan kuɗin makarantar yara, wasu ke haɗa kayan ɗaki, kuma mu matasa muna cikinta dumu-dumu, domin mu ne masu zana takardar, mu ne kuma masu kai saƙo a kan babur.

Sai dai akwai kukan da kusan kowace mai wannan sana'a ke yi, wato kaya ba sa jimawa. Bayan 'yan makonni sai man ya canza wari, ko ruwa ya rabu da mai, ko a buɗe murfi a tarar da baƙin ɗigo-ɗigon fumfuna. Mai saye ta dawo da kaya, a yi cacar baki, jari ya karye. A cikin neman mafita ne wata magana ta fara yawo a wayoyinmu, cewa masana sun gano yadda ake haɗa wata ƙurar azurfa da ganyen dogon yaro ko na zogale, wadda ke kashe ƙwayoyin cuta a cikin mai, kuma wai tun da da ganye ake yin ta, babu kemikal a ciki. Maganar tana da tushe a kimiyya, amma rabinta kawai ke isowa gare mu.

Bari mu fara da abin da ke lalata man. Man kaɗe zalla, wanda aka dafa da kyau aka tsane ruwansa, ba ya ba ƙwayoyin cuta wurin zama, saboda su ma kamar kowane mai rai sai da ruwa suke hayayyafa. Shi ya sa kakanninmu ke ajiye shi watanni ba tare da sun sa masa komai ba. In ma ya tsufa ya canza wari, aikin iska ne da zafi da hasken rana, kuma wannan wata matsala ce dabam da azurfa ba ta da maganinta. Shi ma sabulun salo, wanda mutanen ƙasar nan ke kira alata samina, kaifin tokar da ke cikinsa yana kare shi. Rigima tana farawa ne ranar da aka haɗa mai da ruwa domin a samu man da ke da laushi mai saurin shiga jiki. Ruwan alobera da madara da ruwan ganyen da ake ƙarawa duk abinci ne ga bakteriya da fumfuna. Ga zafin garin nan, ga kuma yatsu da ake tsomawa a robar safe da yamma. Abin da ya fi ban tsoro shi ne man zai iya cika da ƙwayoyin cuta alhali ido bai ga komai ba, hanci bai ji komai ba.

Kada mai karatu ya ɗauka magana ce ta asarar kuɗi kawai. A shekarar 2023 hukumomin lafiya na Amurka sun bi diddigin wata annoba har zuwa wani ruwan ɗiga wa ido da aka sayar a kwalba ba tare da sinadarin hana lalacewa ba. Wata ƙwayar cuta mai suna Sudomonas, mai matuƙar son wuri mai danshi, ita ce ta shiga ciki. Mutum 81 ne suka kamu a jihohi 18, mutum 14 suka rasa gani, 4 suka mutu. Gaskiya ne wannan maganin ido ne, amma irin wannan ƙwaya ce ake fargaba a man da ake shafawa a fuska da jikin jarirai.

To me ya sa 'yan uwanmu ke gudun sinadaran hana lalacewa da kamfanoni ke amfani da su? Amsar ita ce masu saye ne ke gudu. Tun shekarar 2004, lokacin da wata mai bincike a Jami'ar Reading ta Ingila, Philippa Darbre, ta ba da rahoton samun ɓurɓushin sinadarin paraben a cikin ƙarin nonon mata 20, sunan paraben ya ɓaci a duniya, duk da cewa binciken bai tabbatar da cewa shi ne ya jawo cutar ba. A 2014 Tarayyar Turai ta haramta nau'i biyar na paraben, ta bar wasu da sharaɗin kada a wuce wani ƙayyadadden adadi. Daga nan kamfanoni suka shiga rige-rigen neman madadi, masu bincike kuma suka waiwayi azurfa.

Ita azurfa tsohuwar hannu ce a yaƙi da ƙwayoyin cuta. A 1881 wani likitan haihuwa a birnin Leipzig na Jamus, Carl Credé, ya bayyana yadda ɗiga ruwan gishirin azurfa a idon jarirai ke kare su daga ciwon idon da ke makantar da su. A 1968 Charles Fox a birnin New York ya fito da man ƙuna mai azurfa, wanda har gobe ake shafa wa waɗanda wuta ko tafasasshen ruwa ya ƙona a asibitocinmu. Yadda take aiki shi ne, idan ta haɗu da danshi tana sakin wasu 'yan ƙwayoyin zarra masu caji, su kuma su manne wa sunadaran da bakteriya ke numfashi da su, su huda bangon jikinta, su hana ta rabuwa biyu. Tun da ta fuskoki da yawa take kai hari, ƙwayoyin cuta iri-iri ne ke faɗuwa a gabanta.

Sabon abu a nan shi ne girman ƙurar. Ana auna ta da nanomita, wato ka ɗauki milimita guda, wannan ɗan tsagin da ke jikin rula, ka raba shi gida miliyan ɗaya. Abin da ake kira nano yana tsakanin nanomita 1 da 100, alhali kaurin silin gashin mutum yana kai nanomita 50,000 zuwa 100,000. Hikimar kuwa ba ta da wuyar ganewa ga duk wanda ya taɓa jefa dunƙulen kanwa a ruwa, ya kuma jefa dakakkiya. Idan abu ya zama gari, ruwa yana taɓa shi ta ko'ina, don haka 'yar kaɗan ta yi aikin mai yawa.

Ina ganye ya shigo? A ɗakin gwaje-gwaje ana narka gishirin azurfa, wanda 'yan kimiyya ke kira silba naitiret, a cikin tataccen ruwa. Domin a mayar da shi ƙurar ƙarfe ana buƙatar wani abu da zai sauya shi, kuma a da sinadarai masu ƙarfi ake zubawa. Sai aka gano cewa ruwan dafaffen ganye ma yana iya wannan aiki. A zuba shi a kan ruwan gishirin, cikin mintuna ko awoyi ruwan ya rikiɗe daga fari tas zuwa ruwan ɗorawa, ya koma ruwan ƙasa, alamar ƙura ta samu. Sinadaran ganyen kuma su lulluɓe kowace ƙwaya su hana ta manne wa 'yar uwarta. A 2004 Murali Sastry da abokan aikinsa a wata cibiyar binciken sinadarai ta gwamnati da ke birnin Pune na Indiya suka wallafa yadda suka yi haka da ganyen dogon yaro, wanda wasunmu ke kira darbejiya. Tun daga lokacin kusan babu tsiron da ba a gwada ba, daga zogale da alobera har zuwa ganyen gwaiba.

Wanda ya fi ba mu sha'awa shi ne aikin Farfesa Agbaje Lateef da tawagarsa a Jami'ar Fasaha ta Ladoke Akintola da ke Ogbomosho a Nijeriya. A 2016 sun yi wannan ƙura da kwasfar goro, suka zuba ta a fenti domin hana shi lalacewa, sun kuma yi ta da kwasfar koko. Goron nan dai shi ne ya kawo kakanninmu Salaga da Kumasi da ayarin jakuna, kwasfar koko kuwa ita ce ake ƙonawa a samu tokar sabulun salo. Ke nan abin da muke zubarwa a bola yana da daraja a ɗakin bincike, kuma wannan abin alfahari ne.

Amma jama'a, a lura da kyau: a duk wannan bayani ganye bai samar da azurfa ba. Daga kwalbar sinadari azurfar ta fito, ganyen ɗan aike ne kawai. Abin da ya rage a ƙarshe ƙarfe ne, kuma jikin mutum ba ya tambayar ko da dogon yaro aka haɗa shi ko da wani abu dabam. Duk wanda ya rubuta a jikin roba cewa kayansa na gargajiya ne zalla alhali da wannan ƙura a ciki, ya yaudari mai saye, ko ya sani ko bai sani ba.

Adalci ne mu faɗi abin da ke goyon bayanta. A 2010 Satoshi Kokura da abokansa a birnin Kyoto na Japan sun wallafa bincike musamman a kan amfani da ƙurar azurfa wajen adana kayan kwalliya. Sun ce wadda suka gwada ta yi sama da shekara guda ba ta kwanta a gindin kwalba ba, ta hana bakteriya da fumfuna yaɗuwa, kuma ba ta ratsa lafiyayyar fatar mutum ba. Wannan bincike shi ne masu tallar abin suka fi kafa hujja da shi.

A nan ne muke so mu tsaya, a kan kalmar lafiyayyar fata. Shekara guda kafin na Kyoto, wato a 2009, Francesca Larese da tawagarta a Jami'ar Trieste ta Italiya sun gwada ƙurar azurfa a kan fatar mutum mai lafiya da kuma wadda aka kankare. Abin da ya ratsa kaɗan ne ƙwarai a dukkan biyun, amma a fatar da ta samu rauni ya kai kusan ninki biyar. Yanzu mu dubi zangunanmu, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mata nawa ne fatarsu ta sha man bilicin shekara da shekaru? Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Ghana ta hana shigo da man da ke ɗauke da haidirokwinon tun watan Agustan 2016, amma kowa ya san masu haɗe-haɗe ba su daina ba, har da matse bututun maganin ƙaiƙayi mai sitiroyid a cikin man shafawa, wanda ke sa fata ta yi siriri kamar takarda, ta riƙa tsagewa. Sannan ga jarirai masu ƙurajen zafi da kumburin nafkin, ga mu samari da kaifin reza. Fatar da ake zancenta a Kyoto ba ita ce fatar da yawancin masu sayen kayanmu ke yawo da ita ba, kuma man shafawa abu ne na kullum, jiki duka, har tsawon rai, ba kamar man ƙuna ba da likita ke sa wa na 'yan kwanaki.

Azurfar da ta taru a jiki ba ta fita da sauƙi. Tana kwanciya a fata, hasken rana ya mayar da ita shuɗi-shuɗi mai toka-toka, cutar da likitoci ke kira ajiriya, kuma launin ba ya komawa. Wani Ba'amurke, Paul Karason, wanda ya yi shekaru yana shan ruwan azurfar da yake haɗawa a gida yana kuma shafa shi a fuska, ya zama shuɗi har aka riƙa nuna shi a talabijin a 2008. Shi dai sha ya yi da yawa, kuma ba mu ce ɗan abin da ke cikin man shafawa zai mayar da kowa haka ba. Abin lura shi ne a gida ya haɗa, babu ma'auni. Tun 1999 hukumar magunguna ta Amurka ta yanke cewa ba ta amince da ruwan azurfa a matsayin maganin da za a saya ba tare da takardar likita ba.

Wannan ya kawo mu kan masu tunanin haɗawa a tsakar gida bayan sun kalli bidiyo a YouTube. Duk wanda ya yi ajin kimiyya a sakandare zai tuna gwajin nan da ake ɗiga silba naitiret a ruwan gishiri, nan take wani farin abu kamar kindirmo ya kwanta, zai kuma tuna yadda yake baƙanta yatsa ya yi kwanaki bai fita ba. Darasi biyu ke nan a gwaji guda. Na farko, ruwan famfo da na rijiya da gumin jiki duk suna da gishiri, kuma gishiri yana kama azurfa ya rage mata ƙarfi. Na biyu, duk gishirin azurfar da bai gama rikiɗewa ba yana nan a cikin ruwan, yana iya ƙona fata da ido. A ɗakin bincike akwai injin da ke wulwula ruwan ya ware ƙurar a wanke ta, akwai na'urar da ke auna girmanta. A tsakar gida launi kawai za a duba. Bugu da ƙari, ganyen damina da na rani ba ɗaya ba ne, na Tamale da na Dodowa ba ɗaya ba ne, don haka haɗin yau zai iya bambanta da na gobe, kuma wannan rashin daidaito yana cikin manyan abubuwan da suka hana hanyar ganye fita daga jami'o'i zuwa masana'antu. Yawancin binciken ma a kan faranti ake yin sa, a ɗiga ƙurar a ga da'irar da ta share. Farantin gwaji dabam, cikin mai mai kauri dabam, inda ƙurar kan dunƙule ko kitse ya rufe ta.

Su ma ƙwayoyin cutar ba sa zama su naɗe hannu. A 1975 an ba da rahoton wata Salmonela da ba ta jin azurfa a ɗakin masu ƙuna na wani babban asibiti a birnin Boston, wadda ta yi sanadin mutuwar wasu majiyyata har aka rufe ɗakin. A 2018 Aleš Panáček da abokansa a Jami'ar Palacký ta Jamhuriyar Cek sun nuna cewa bakteriyar da aka yi ta ba ƙurar azurfa kaɗan-kaɗan tana koyon fitar da wani sinadari mai danƙo da ke tattara ƙurar wuri guda ya kashe kaifinta. Abin mamaki, ruwan ɓawon rumman ne ya karya mata wannan dabara. Idan muka watsa azurfa a kowace robar mai, muna koya wa ƙwayoyin cuta jure makamin da asibiti ke buƙata ranar da yaro ya faɗa a tukunyar koko. Sannan abin da muka wanke daga jiki yana bin kwatar Nima ya faɗa kogin Odaw ya ƙare a tafkin Korle, kuma azurfa tana cikin ƙarafan da suka fi yi wa kifi da ƙananan halittun ruwa illa.

Ga masu burin fitar da kaya waje, kuma muna da su da yawa masu aika wa 'yan uwa a Hambog da Amstadam da Milan, akwai labarin da ya kamata su ji tun kafin su kashe sidi ɗaya. Tun Yulin 2013 dokar Tarayyar Turai ta wajabta rubuta kalmar nano a gaban sunan duk wani sinadari irin wannan a jikin kwalba. A 2018 kwamitin masanan da ke ba Tarayyar shawara kan lafiyar masu saye ya ce bayanan da kamfanoni suka kawo ba su isa a yanke hukuncin cewa ƙurar azurfa ba ta da illa ba. A watan Maris na 2024 aka fitar da doka mai lamba 2024/858 wadda ta haramta ta a kayan kwalliya, tare da ƙurar zinari da ta tagulla da wasu. Daga 1 ga Fabrairun 2025 aka hana shigar da sabbin kaya masu ɗauke da ita kasuwa, daga 1 ga Nuwamban 2025 kuma aka hana sayar da su kwata-kwata. Dokar ba ta ware wadda aka yi da ganye ba. Turawan ba su ce sun kama ta tana kisa ba, cewa suka yi wanda ke son sayarwa shi zai kawo hujja, kuma hujjar ba ta zo ba. A ganinmu wannan ma'auni ne da ya dace da fatar 'yar Mamobi kamar yadda ya dace da ta 'yar Faransa.

To mece ce mafita ga mai kayan da ke lalacewa yau? Mafi sauƙi ita ce wadda ba ta da ikon gwaji ta tsaya a kan haɗin da babu ruwa, wato man kaɗe da man kwakwa da makamantansu, a buga su su yi laushi, a ɗura a busasshiyar roba. Wadda kuma ta nace sai mai ruwa, to ta yi amfani da tataccen ruwa, ta tsabtace kwanuka da muciya, ta haɗa kaɗan-kaɗan, ta zaɓi kwalba mai famfo maimakon mai faɗin baki, ta kuma sa sinadarin da hukumomi suka sani suka ƙayyade masa adadi, kamar fenoksiyetanol wanda a Turai ba a wuce kashi 1 cikin 100. Wannan yana buƙatar sikeli mai auna giram, cokalin shayi ba zai yi ba. Bitamin E da ake yawan zubawa yana jinkirta tsufan mai ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta.

Akwai gwajin da duniya ta amince da shi mai lamba ISO 11930. Da gangan ake zuba wa man ƙwayoyin cuta iri biyar, uku bakteriya, ɗaya yis, ɗaya fumfuna, a riƙa ƙirga su a rana ta 7 da ta 14 da ta 28 a ga ko sun ragu. Duk wanda ya zo wa iyayenmu da kwalbar ruwan azurfa, ko daga ina ya ce ya samo ta, a tambaye shi sakamakon wannan gwaji a kan irin man da suke haɗawa, a kuma tambaye shi lambar rajistar hukuma, domin Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012, mai lamba 851, ta wajabta yi wa kayan kwalliya rajista kafin a sayar. Mun san kuɗin gwaji ya fi ƙarfin mace guda mai roba hamsin. Amma matan da ke iya yin adashi duk mako suna iya haɗuwa su 20 a kan haɗi guda, a gwada shi sau ɗaya, kowa ta bi ma'auninsa, kuma cike takardu da zirga-zirgar ofis aiki ne da ƙungiyoyinmu na matasa za su iya ɗauke masu.

Ga 'yan uwanmu da ke karatun kimiyya a Legon da Jami'ar Kwame Nkrumah ta Kumasi kuwa, muna roƙon idan lokacin aikin kammala digiri ya zo, a rage maimaita gwajin faranti da wani sabon ganye. A zo kasuwar Nima a sayi roba goma na man da ake sayarwa a kan tebur, a auna abin da ke rayuwa a cikinsu bayan wata guda a zafin watan Maris, a dawo a yi wa masu sana'ar bayani da Hausa.